Freedom Fighters na 2003: shin har yanzu ya cancanci a zauna a kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Lokacin muna yara akwai wani gem da muke bugawa a gidan gem na unguwarmu a kan PlayStation 2, sunansa Freedom Fighters, wanda sojojin Rasha suka mamaye Amurka, wani mai gyaran famfo yana tara mutane suna yaƙar su. Ban taɓa kai ƙarshensa ba, don kuɗin awa ba sa isa. Yanzu ina da 'yar laftof marar ƙarfi. Ya cancanci in nemo shi, ko dai kewar yarinta ce kawai take ƙawata min shi? Sannan labarin nan yana da tushe a tarihi kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Nemo shi, ka zauna a kansa har ƙarshe. Cikin tsofaffin gem na harbi da aka gina a kan tarihin da aka sauya wa hanya, kaɗan ne nake iya faɗa wa mutum haka kai tsaye, kuma wannan yana cikinsu. Sai dai akwai sharaɗi ɗaya da zan yi ta komawa kansa: ka shige shi a matsayin mai ba da umarni. Wanda ya shiga da niyyar nuna gwanintar harbi zai gaji da shi tun kafin tafiya ta yi nisa, ya ce tsohon gem ne mai taurin hannu, kuma ta wannan fuskar bai yi ƙarya ba. Wanda ya gane cewa mutanen da ke bayansa su ne ainihin makaminsa, shi ne zai ga abin da ya sa har yau ake ambaton gem ɗin.

Kamfanin IO Interactive na birnin Kofinhagen a ƙasar Denmak ne ya ƙirƙire shi, wato mutanen da suka yi Hitman. EA, wani kamfanin dillancin gem, ce ta fitar da shi a ƙarshen shekarar 2003 a kan PlayStation 2 da Xbox da GameCube da kwamfuta. A kan injin, wato tushen manhajar, da suka gina Hitman 2 na 2002 suka ɗora shi, shi ya sa idan ka lura da yadda soja yake zubewa ƙasa idan an harbe shi, ko yadda bam yake wurgi da shi, za ka ga kamannin gidan. Amma a tsarin wasa sun yi hannun riga. A Hitman kai kaɗai ne, kana saɗaɗawa, kana gudun kada kowa ya gan ka. A nan kuwa so ake a gan ka, a san da kai, mutane su biyo ka.

Bari in fara da tambayarka ta tarihi, domin a nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Mamayar nan ba ta taɓa faruwa ba. Abin da masu gem ɗin suka yi shi ne, sun ɗauki rana ɗaya a tarihin gaskiya suka juya ta, sannan suka bar sauran abubuwa suka biyo baya. A tarihin gaskiya Amurka ce ta fara mallakar bam ɗin nukiliya. Ta gwada shi ranar 16 ga Yuli 1945, ta jefa shi a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, a Nagasaki ranar 9. Jamus kuwa ta riga ta miƙa wuya tun watan Mayu, bayan da sojojin Tarayyar Sobiyet suka ci Berlin da yaƙin ƙasa, titi bayan titi. Sobiyet ba ta gwada nata bam ɗin ba sai ranar 29 ga Agusta 1949, a Kazakistan. A cikin gem ɗin sai aka ce Sobiyet ce ta riga kowa, ta jefa bam ɗin a Berlin a 1945, ta kawo ƙarshen yaƙin Turai da hannunta. Daga nan komai ya karkata. Rubutun da ke buɗe gem ɗin yana jero maka shekarun ɗaya bayan ɗaya: Turai ta faɗa hannun 'yan gurguzu har da Birtaniya a 1953, an girke makaman nukiliya a Kuba a 1961 kuma Amurka ta kasa sa a janye su, daga baya 'yan gurguzu suka karɓi mulkin Mekziko, har Amurka ta wayi gari an kewaye ta.

Batun Kuba ɗin nan ya cancanci ka tsaya a kansa, don shi ne ya fi kusa da gaskiya. A watan Oktoba 1962 Sobiyet ta girke makamai masu linzami a Kuba da gaske, aka yi kwana 13 duniya tana zaman ɗar-ɗar, a ƙarshe shugaban Sobiyet Khrushchev ya janye su bayan yarjejeniya da shugaban Amurka Kennedy. Gem ɗin tambaya ɗaya yake yi: da a ce ba a janye ba fa? Wannan ita ce dabarar irin wannan labari, kuma ingancinsa yana kan ko sauyin da aka yi zai iya haifar da abin da aka ce ya haifar. A nan zan gaya maka gaskiya, lissafin bai cika ba. Sobiyet ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da asarar mutane kimanin miliyan 27, garuruwanta na yamma a rushe. Ƙasar da ta ɗauki shekara 10 a Afganistan, daga 1979 zuwa 1989, ba ta iya kwantar da ita ba, sannan ta wargaje a Disamba 1991, da wuya a ce ta tsallaka teku ta riƙe ƙasa mai faɗin Amurka. Saboda haka kada ka ɗauki gem ɗin a matsayin darasin tarihi. Tsohon tsoron da Amurkawa suka rayu da shi lokacin Yaƙin Cacar Baka ne aka mayar wasa, irin wanda fim ɗin Red Dawn na 1984 ya riga ya nuna.

Labarin kansa gajere ne. Chris Stone da ɗan'uwansa Troy masu gyaran famfo ne a New York. Sun je aiki gidan wata mata, Isabella Angelina, wadda take jagorantar ƙungiyar masu gargaɗi kan barazanar Sobiyet, ba su same ta ba, sai ga sojoji sun faɗo gidan suna neman ta, suka yi awon gaba da Troy. Chris ya fito titi da sifana a hannu, ya tarar gari ya kama da wuta. Ya haɗu da wani dattijo da ake kira Mr. Jones da wani mai yawan surutu, Phil Bagzton, suka gangara cikin magudanan ruwa na ƙarƙashin birnin, can suka kafa sansani. Ka ga zaɓen mai gyaran famfo ba a banza aka yi shi ba. Mutumin da ya san hanyoyin ruwan ƙarƙashin gari shi ne zai iya ɓullowa ta inda sojan mamaya bai zata ba, kuma duk zirga-zirgar gem ɗin ta murfin magudanar nan ake yin ta.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ka nemo shi. A saman allo, ƙarƙashin ma'aunin lafiyarka, akwai wani ma'auni na kwarjini. Da farko babu komai a cikinsa, ko ka je wajen ɗan gwagwarmaya ka ce ya biyo ka, zai ce maka bai san ka ba. Kana samun kwarjini ne ta hanyar aikin da mutane za su gani: ka kuɓutar da fursunoni, ka yi wa wanda aka raunata magani, ka tarwatsa wani abu na abokan gaba, ka sauke tutarsu ka ɗaga ta ƙasarka. Duk lokacin da ma'aunin ya cika, sai a ƙara maka gurbin mutum ɗaya. Idan aka fara bin ka, da mutum biyu kake farawa, idan ka bi gem ɗin da kyau har ka kai 12. Abin da ya burge ni shi ne ba a ƙara wa Chris ƙarfin jiki ko wata bindiga ta musamman. Yadda yake mutuwa da sauri a farko, kusan haka yake a ƙarshe. Abin da ke ƙaruwa shi ne yawan waɗanda suka yarda su bi shi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma gem ɗin da hannunka yake sa ka ji haka, ba da jawabi ba.

Umarnin guda uku ne kacal: ku biyo ni, ku kai hari can, ku tsare nan. Idan ka taɓa maɓallin sau ɗaya, mutum ɗaya ne zai amsa. Idan ka danne shi, duk rundunar ce za ta motsa. Idan ka saita bindigarka ko madubin hangen nesa a kan wani wuri sannan ka ba da umarni, can za su nufa. Shi ke nan. Ka kwatanta da gem na runduna na wancan zamani, irin su Rainbow Six na 1998 ko Ghost Recon na 2001, inda sai ka zauna kan taswira kana zana wa kowa hanya, ko SOCOM na 2002 mai jerin umarni cikin umarni. IO ta zubar da duk wannan, ta bar abin da yatsa zai iya yi a tsakiyar ruwan harsashi ba tare da an tsayar da wasa ba. Sauran aikin kuma ta bar wa mutanenka su yi da kansu. Suna neman mafaka, suna laɓewa bayan mota ko buhunan yashi, idan akwai babbar bindiga mai jigida a girke kusa da inda ka tura su, ɗayansu zai hau kanta ba sai ka ce ba. Ga gem na 2003 wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ko yau akwai sababbin gem da abokan tafiyarka ba su kai waɗannan hankali ba.

Ga yadda faɗa mai kyau yake kasancewa. Ka iso bakin wani faffaɗan titi, a ƙarshensa akwai shingen sojoji da manyan bindigogi biyu. Wanda bai gane gem ɗin ba zai danne maɓallin hari ya tura kowa gaba, cikin ɗan lokaci duk sun zube. Wanda ya gane zai ajiye mutum huɗu bayan wata motar da ta ƙone da umarnin tsaro, su ɗauke hankalin shingen. Shi kuma ya ɗauki biyu ya nemi lungu, ko taga a buɗe, ko tulin akwatunan da za a taka a hau rufi. Kusan kowane shinge a gem ɗin yana da irin wannan ɓarauniyar hanya, masu zanen matakan da gangan suka ajiye ta. Daga sama sai ka jefa kwalbar fetur ko gurneti a kan masu manyan bindigogin, sannan ka danne maɓallin hari, waɗanda ka bari a baya su taso. Da an karɓe shingen sai ka ba da umarnin tsaro a wurin, mutanenka su hau bindigogin da aka bari, su juya su ga motar sojojin da za ta kawo ɗauki. Aikinka ya fi kama da na mai gayya a gona, wanda ba yawan kunyoyin da ya nome da hannunsa ake dubawa ba, sai yadda ya raba mutane da inda ya tsayar da kowa.

Akwatin magani shi ne dukiyar gem ɗin, ya fi harsashi daraja. Lafiyarka ba ta dawowa da kanta kamar yadda aka saba a gem na yanzu. Akwati ɗaya zai iya warkar da kai, ko ya tayar da mutuminka da ya faɗi, ko ka ba wani farar hula da ke kwance a gefen titi ka samu kwarjini. Ukun nan duk daga aljihu ɗaya suke fita, kuma aljihun ba shi da zurfi. Sau da yawa za ka tsaya da saura akwati ɗaya, kai kanka jini ya kusa ƙarewa, ga mutuminka a kwance yana kira. Babu wani rubutu da zai fito ya ce ka zaɓi alheri ko sharri. Lissafinka ne kawai, kuma za ka ga sakamakonsa a shinge na gaba. A matakan ƙarshe har sojojin Sobiyet da aka bari da rauni za ka tarar, idan ka yi musu magani su shiga rundunarka.

Abu na biyu da ya raba gem ɗin da sa'o'insa shi ne yadda aka ɗaure unguwanni da juna. Daga sansanin ƙarƙashin ƙasa za ka ga taswira mai wurare biyu ko uku, kai ne za ka zaɓi inda za ka fara, kuma abin da ka yi a ɗaya yana taɓa sauran. Tun a babi na farko ake koya maka wannan. Kana son shiga ofishin 'yan sanda ka ceto Isabella, amma gwanayen harbi daga nesa sun tsare hanyar daga wani gidan mai da ke ɓangaren gidan waya. Dole ka karɓi nakiya a ɓangare ɗaya, ka koma ta ƙarƙashin ƙasa ka ɓullo a ɗayan, ka tashi gidan man, sannan ka dawo. Daga baya abin yana faɗaɗa. Jirgi mai saukar ungulu da ke yi maka luguden wuta a wata unguwa yana da filin da yake sauka a wata, ka tarwatsa filin ka huta da shi. Motocin da ke ta kawo ƙarin sojoji ta kan wata gada suke bi. Fitilun da ke haska ka da dare daga tashar lantarki suke samun wuta. Idan wani mataki ya gagare ka, yawanci ba hannunka ne ya gaza ba, ka fara ne ta inda bai kamata ba. Ka koma ƙasa, ka duba taswira, ka karanta abin da aka rubuta game da kowane wuri. A ganina a nan ne tarihin da aka sauya yake da rai. Ba a cikin jerin shekarun farko ba, a cikin jin cewa birni ne guda da aka mamaye, mai hanyoyi da wuta da gadoji, kuma mai ƙaramin ƙarfi ba ya cin babba sai ta yanke masa waɗannan jijiyoyi.

Tsakanin babi da babi ana nuna maka labaran gidan talabijin na masu mamaya, inda wata mai karanta labarai, Tatiana Kempinski, take bayani da murmushi. Sojojin sun zo ne su 'yantar da Amurkawa daga gurɓatacciyar gwamnati. An samu zaman lafiya. Wasu 'yan ta'adda ƙalilan ne suke ta da zaune tsaye, shugabansu wani da ake wa laƙabi da Freedom Phantom, wato kai. Ka tuna shekarar da gem ɗin ya fito. Amurka ta shiga Iraƙi ranar 20 ga Maris 2003, gem ɗin ya iso kasuwa bayan kimanin wata shida. A daidai lokacin da duniya take jin kalmomin 'yantarwa da 'yan ta'adda a rediyo kullum, sai ga gem da ya sa Ba'amurke a matsayin wanda aka mamaye, yana dasa nakiya a gada, yana kwanton ɓauna, ana kiran sa ɗan ta'adda a talabijin. An fara aikin gem ɗin kafin yaƙin, don haka ba zan ce martani ne gare shi ba. Amma duk wanda ya bi labaran wancan lokaci ba zai kalli waɗannan sassa ba tare da ya ji wani abu ba. Su ne rubutu mafi kyau a gem ɗin gaba ɗaya.

Inda nake da ƙorafi shi ne gem ɗin ya buɗe wannan ƙofa amma ya ƙi shiga. Ba ya taɓa nuna maka farar hular da nakiyarka ta rutsa da shi. Ba ya nuna maƙwabcin da ya karɓi aiki wajen masu mamaya don ya ciyar da iyalinsa, ko rabuwar kai tsakanin 'yan gwagwarmayar kansu, waɗanda kowace gwagwarmaya ta gaskiya ta sha fama da su. Rashawan ciki kusan duk zane ɗaya ne, masu kaurin murya da mugunta. Mutanen da suka yi asarar da na ambata a sama wajen karya Hitler sun cancanci a zana su da fuska fiye da haka. Akwai cin amana guda ɗaya a labarin, tun da ba ka kai ƙarshe ba ba zan ɓata maka shi ba, amma mai lura zai hango shi tun daga nesa. Abin da ya faru da Troy kuma an wuce shi da sauri fiye da yadda ya kamata.

Abubuwa biyu ne suke ɗaukar nauyin da rubutun ya kasa ɗauka. Na farko kiɗan Jesper Kyd, wanda ya haɗa sautin na'ura da muryoyin ƙungiyar mawaƙan gidan rediyon Hangare. Muryoyin nan masu nauyi su ne suke sa ka ji girman abin da ya danne birnin, kuma suna tashi ne daidai lokacin da faɗa ya yi zafi. Ka sa abin saurare a kunne, lasifikar laftof za ta cuce ka. Na biyu tafiyar lokaci. Gem ɗin yana farawa da rana tsaka cikin zafi, Chris da kayan aikinsa. A hankali ganye ya zube, sanyi ya shigo, gine-gine suka ƙara rushewa, gashinsa ya taru, kayansa suka koma na mayaƙi, har ka ƙare cikin dusar ƙanƙara. Ba wanda ya ce maka watanni sun shuɗe, da idonka kake gani.

Yaƙin ƙarshe a tsibirin Governors Island ake yin sa, kuma wuri ne na gaske a bakin ruwan New York, da tsohuwar ganuwar soja da ake kira Fort Jay. Sojojin ƙasa na Amurka sun zauna a can har 1966, masu tsaron gaɓar teku suka gaje su har 1996. A wannan tsibiri ne kuma Reagan da George Bush babba suka karɓi shugaban Sobiyet Gorbachev a Disamba 1988, lokacin da Yaƙin Cacar Baka yake gab da ƙarewa. Wurin da shugabannin ƙasashen biyu suka zauna suka ci abinci tare a tarihin gaskiya, shi gem ɗin ya mayar hedikwatar mamaya. Idan ka san wannan kafin ka isa can, matakin yana ƙara nauyi.

To, me ya tsufa? Saitin bindiga shi ne na farko. Harsashi yana watsuwa ko da ka saita daidai, musamman daga nesa. Wani ɓangare na wannan da gangan ne, don a tilasta maka dogaro da mutanenka, amma wani ɓangaren tsufa ne kawai. Babu maɓallin manne wa bango kamar yadda Gears of War ya yaɗa a 2006, sai dai ka durƙusa bayan abu. Kyamara tana rikicewa a cikin ɗaki ko matattakala, kuma a irin wuraren nan mutum 10 suna iya toshe maka ƙofa. Bindigogin ba su da yawa, babba ɗaya da ƙarama ɗaya kake ɗauka, kuma za ka ƙare da bindigar sojojin Sobiyet a mafi yawan lokaci saboda harsashinta ne ya fi samuwa. Ire-iren abokan gaba ma kaɗan ne. Akwai kuma mataki guda da ake raba ka da rundunarka a tura ka kai kaɗai ka kashe Janar Tatarin, kwamandan sojojin mamaya. Ana jin hannun masu Hitman a wurin, amma gem ɗin ba shi da kayan saɗaɗawa irin na Hitman, don haka shi ne mataki mafi rauni a ganina. Ka yi haƙuri da shi, abin da ke bayansa ya fi shi. Sannan gem ɗin gajere ne, mafi yawan mutane ba sa kai awa 10 a kansa.

Game da laftof ɗinka, kada ka damu. Gem ne da aka yi wa kwamfutocin 2003, kusan duk laftof da ke aiki yau za ta ɗauke shi, kuma saukar da shi ba zai cinye maka data kamar gem na zamani ba. A watan Satumba 2020 IO ta sake fitar da shi a shagunan gem na intanet, wato Steam da GOG da Epic. Ba sabon zane aka yi masa ba, tsohon ne aka gyara don ya tashi a Windows na yanzu. Shi nake ba ka shawara, ya fi kwafin da ake turawa a filas, wanda sau da yawa an cire masa kiɗa ko bidiyon labaran don a rage girmansa, alhali su ne rabin daɗin. Na GOG yana da fa'ida ɗaya a irin yanayinmu: da ka sauke shi ba ya neman intanet kafin ya tashi. Da linzamin kwamfuta saitin bindiga ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan hannun PlayStation 2. Abin da za ka rasa shi ne wasan mutum huɗu a allo ɗaya, inda ake ƙwace tuta da shingaye, domin wannan a na'urorin gem kawai yake, babu shi a na kwamfuta. Idan shi ne abin da kuke bugawa a gidan gem, sai ka nemi PlayStation 2 da faifansa.

Matakan wahala huɗu ne: Demonstrator, Rebel, Freedom Fighter, Revolutionary. Kada ka zaɓi na farko. A can Chris yana shanye harsashi har ka iya gama gem ɗin kai kaɗai, ka kuwa rasa duk abin da na bayyana maka. Tun da ka taɓa riƙe shi, fara da Freedom Fighter. A nan ne za ka ji tsoron leƙa kai ba tare da ka tura wani ya duba ba. Ka kuma kula da adana wasa. Murfin magudanar da ka samu a tsakiyar mataki yana ba ka adanawa ta wucin gadi, wadda ke aiki idan an kashe ka, amma ba ta tsira idan ka rufe gem ɗin ko na'ura ta mutu. Idan an ɗauke wuta kuma batirinka ba ya riƙe caji, gara ka gama aikin da ke gabanka ka koma sansani kafin ka tashi. Kafin ka ɗaga tuta a kowace unguwa, ka zagaya ka tabbatar ba ka bar fursuna ko mai rauni ba, saboda ɗaga tutar yana rufe matakin, kwarjinin da ka bari kuma ya tafi ke nan. Wanda ya yi gaggawa a farko shi ne yake isa tsibirin ƙarshe da mutum bakwai maimakon 12.

Ƙarshen labarin a buɗe aka bar shi, an ci yaƙin New York amma ana sa ran masu mamaya za su dawo. Kada ka nemi kashi na biyu, babu shi. Eidos, wani kamfanin gem, ta sayi IO a 2004 ta kuma sanar da ci gaban, amma bai fito ba, kamfanin ya karkata ga Kane & Lynch na 2007, wanda ya gaji ɗan tsarin ba da umarnin ba tare da kwarjini ko ɗaurin unguwanni ba. Lokacin da IO ta rabu da Square Enix, kamfanin da ya sayi Eidos daga baya, a 2017 ta fita da haƙƙin mallakar Freedom Fighters tare da na Hitman, abin da ya ba ta damar sake fitar da shi ke nan. Idan ka gama kana son wani mai irin wannan jigo, Homefront na 2011 ya ɗauki labarin mamayar Amurka, wannan karon daga Koriya, amma hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, ba ka umartar kowa. Turning Point: Fall of Liberty na 2008 yana da mafari mai kyau, wato Churchill ya mutu a haɗarin motar da ya same shi da gaske a New York a 1931, sai dai wasan kansa bai yi kyau ba, ban ba ka shawarar sa ba. Wolfenstein: The New Order na 2014, inda 'yan Nazi suka ci yaƙi ake cikin 1960, ya fi su duka rubutu da zurfin mutane, amma yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi fiye da taka, kuma akwai zubar da jini da wasu sassa da ba na yara ba. Freedom Fighters kuwa an yi masa alamar 'yan shekara 13 zuwa sama a Amurka, don haka idan ƙannenka matasa suka zauna kusa da kai suna kallo, ba abin da zai sa ka rufe allo.